Talabijin ɗin Malam Hudu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don na san in na kama, a cikinku akwai waɗanda za su ce kawunsu ne. Ba a zamanin ayari da jakuna aka yi shi ba. A wannan zamanin namu ne na motoci masu ƙwaƙwalwa, ko da yake yau ƙasa ta rufe masa ido, Allah Ya jiƙansa da rahama. Sunansa Malam Hudu, sana'arsa kuwa irin ta wasunku ce, gyaran wutar mota, abin da kuke kira rewaya. To ku matso, ku saurara. Kai na bakin ƙofa, mai da wayar nan aljihu. Mai motar ba inda za shi, ai tun safe kuka sauke masa inji.

Da gangan na zaɓi wannan labari yau da nake zaune a masallacin gareji, tsakanin makanikai da direbobi. Na gaji da jin mutane suna cewa wai duk mai baƙin mai a hannu maƙaryaci ne. Ni na san ba haka ba ne. In aka ce in kawo mutanen da nake alfahari da su, Malam Hudu nake fara kawowa, kafin in zo kan masu manyan riguna.

Mutum ne gajere, mara yawan magana, mai rumfar kwano a bayan tasha. Abin da ya bambanta shi da sauran masu rewaya wata na'ura ce da ya daɗe yana ƙoƙari kafin ya mallake ta, ta hannu ma kuwa. Masana suna ce mata osiloskop. Fuskarta gilashi ce, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, da wayoyi biyu a jikinta. In ka ɗora tsinin ɗaya a kan wayar mota, sai ta zana maka wutar da ke tafiya a ciki, ka gan ta da idonka, layi ne yana hawa yana sauka. Kun san ƙaramar kwamfutar nan da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta karanto laifi. Malam Hudu yakan ce gani ya kori ji: waccan labari take kawowa, abin da ƙwaƙwalwar mota ta gaya mata shi take maimaitawa, tasa kuwa kai ka take yi har gaban mai maganar ka ji daga bakinsa.

A garin akwai wani direba, ana ce masa Jatau. Gwani ne a kan sitiyari, ba wanda ya taɓa jin ya jefa mota rami, amma Allah Ya yi masa baki. Shi ne ya raɗa wa na'urar suna talabijin ɗin Hudu. A teburin mai shayi zai zauna ya ce wai Hudu kallon wasan kwaikwayo yake yi, motocin mutane na gasuwa a rana, wai in gyara ya gagare shi sai ya tambayi talabijin, kamar boka da farantin ƙasa. A yi ta dariya. Har ta kai yara in sun hango Malam Hudu sai su bi shi da Mai Talabijin, Mai Talabijin, wasu masu motoci kuma suka ɗauke ƙafa daga rumfarsa. Bai taɓa tanka wa Jatau ba. Amma kada ku ce bai ji zafi ba. Ya ji, ƙwarai kuwa, don shi ma jini ne a jikinsa.

Motar da Jatau ke tuƙawa ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce. Jama'a suka yi karo-karo suka sayo bas ta hannu don kai marasa lafiya da mata masu naƙuda asibitin birni, aka naɗa wani dattijo, Alhaji Nomau, ya shugabanci kwamitin da ke kula da ita. Jatau ya daɗe yana riƙe da makullinta lafiya lau. Sai mota ta fara shan mai. Man da a da yake kai ta birni ya dawo da ita har da saura, yanzu da ƙyar yake dawo da ita bakin gari. Jatau ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Mutane suka ce ruwa ba ya tsami banza. Wani ya ce ya ga Jatau da jarka, bai tsaya ya duba ko ruwan lagireto ne a ciki ba. Kafin ka ce kwabo magana ta zagaye gari, wai Jatau yana zuƙe man marasa lafiya yana sayar wa 'yan bumburutu.

Alhaji Nomau ba azzalumi ba ne. Ya sa aka kai motar birni aka soka mata kwamfuta, kwamfuta ta ce babu laifi ko ɗaya. To in mota lafiyarta ƙalau, kuma mai yana ɓacewa, wa ya rage? Kwamiti ya yanke cewa ranar Juma'a, bayan an sallame salla, za a sanar a ƙofar masallaci cewa an karɓe makulli daga hannun Jatau, a kuma faɗi dalili. Ku da kuka tashi a ƙaramin gari kun san ma'anar wannan. Aiki ana rasa shi a sami wani. Amma mutumin da aka kira ɓarawon man masu naƙuda a ƙofar masallaci, wannan suna har jikokinsa sai sun gada.

Ku saurara da kyau, nan jarrabawar take. Wanda kwamiti ya zaɓa ya karɓi makullin shi ne Mamuda, babban ɗan Malam Hudu. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, lasinsa na tuƙi ya tsufa a aljihu, yana fama da kamasho a tasha, yau a samu gobe a rasa. Babu sallar da Malam Hudu zai idar bai roƙa wa Mamuda abin yi ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama ke nan: ga addu'a ta karɓu, ga kuma mai yi masa ba'a zai sha kunya a bainar jama'a.

Ana saura 'yan kwanaki Juma'a, Alhaji Nomau ya miƙa wa Mamuda makulli, ya ce ya kai motar wurin mahaifinsa a gyara hon da ɗaya daga fitilun gaba da ta mutu, don ya karɓe ta tsaf. Hon da fitila, iyakar abin da aka ce ke nan. Ba wanda ya ce a duba shan mai, wannan magana an riga an rufe ta.

Mamuda ya shigo da mota da hantsi, baki har kunne. Malam Hudu ya zagaya bayanta zai duba fitilun baya, sai hayaƙi ya yi masa yaji a ido. Ya tsuguna ya shafa yatsa a bakin salansa, yatsa ya fito baƙi ƙirin kamar ya taɓa gindin tukunya. Ya buɗe bonet, ya ga kan batir ɗaya sako-sako, ya yi santsi saboda yawan cirewa da mayarwa. Zuciya ta ce masa, Hudu, hon aka ce, fitila aka ce. Ya ɗauki sifana ya nufi hon, ya ajiye, ya sake ɗauka. Daga ƙarshe dai ya shiga rumfa ya fito da talabijin ɗinsa.

Bari in yi wa waɗanda ba sana'arsu ba ce bayani, masu sana'ar kuma in na yi tuntuɓe ku gyara mini bayan an tashi. A jikin bututun salansa, daf da inji, kafin hayaƙi ya isa tukunyar da ke tace shi, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi, ana ce masa sensar gaba. Aikinta ta shaƙi hayaƙi ta ba ƙwaƙwalwar mota shaida. In iska ta yi yawa, sai ta turo wuta kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. In mai ya yi yawa, sai ta ɗaga wutar sama, ƙwaƙwalwa ta rage. Ƙara, rage, ƙara, rage, haka suke yi ba hutawa muddin inji na aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanci, ba ta da ido. Abin da wannan mai shaida ta faɗa, da shi take yanke hukunci.

Malam Hudu ya bar inji ya yi zafi sosai, don sensa mai sanyi ba ta magana. Ya zura siririyar allura ta bayan soket har ta taɓa wayar da ke ɗauke da saƙo, bai yanka komai ba. Ya ɗora tsinin wayar na'urar a kan allurar, ya maƙala ɗaya wayar a jikin inji, ya ce wa Mamuda ya ɗan taka totur ya riƙe. Sensa mai lafiya layinta tsalle yake yi, sama ƙasa, sama ƙasa, da sauri, ya fito kamar haƙoran zarto. Wannan kuwa layin kwance yake can ƙasa yana jan ciki, in ya ɗan ɗago sai ya koma. Wato tana ta gaya wa ƙwaƙwalwa iska ta yi yawa, a ƙaro mai, a ƙaro mai.

Ku lura da mutumin nan, ko ƙarfe bai yanke wa hukunci da kallo ɗaya ba. Ya ce wataƙila gaskiya take faɗa, don in salansa ta huje kafin wurinta, ko wani tiyo ya tsage, iska za ta shiga da gaske. Ya bi bututu da tiyo ɗaya bayan ɗaya, bai sami huji ba. Sannan ya fesa ɗan fetur a inda inji ke shaƙar iska. Muryar inji ta canza, hayaƙi ya ƙara wari, mai ya yi yawa ko makaho ya shaida. Sensa mai gaskiya a nan sai ta zabura sama nan take. Layin nan ko gezau. Ya sake, ko gezau. Shaidar zur take bayarwa, ƙwaƙwalwa kuma tana ta ɗura wa inji man da ba ya buƙata, yana fita ta salansa. Ba Jatau ke shan man ba.

Mamuda a rumfar nan ya girma, ya san karatun layin. Ya kashe mota ya fito. Can ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Baba, ba wanda ya sa ka duba wannan. Ka gyara hon da fitila. Bayan Juma'a sai mu canza sensar tsakaninmu, mota ta daina sha, marasa lafiya su huta. Ba ƙarya za mu yi ba, shiru kawai za mu yi."

Kun ji dabarar Shaiɗan? Bai ce a yi ƙarya ba. Amma ku duba abin da zai biyo baya. Jatau na sauka, Mamuda na hawa, sai mota ta daina shan mai. Wace hujja ce ta fi wannan? Har Jatau ya koma ga Allah babu mai iya wanke shi. Kuma in gaya muku gaskiya, tunanin nan ya riga ya ratsa zuciyar Malam Hudu kafin ɗansa ya furta. Ya tuna teburin mai shayi. Ya tuna yaran da ke binsa. Ya dubi takalmin Mamuda da ya sha ɗinki, tausayi ya kama shi. Duk uban da ke nan ya san ba abu ne mai sauƙi ba ka cire lomar da ta kai bakin ɗanka.

Aka kira azahar. Ya yi alwala ya yi salla, ya daɗe a zaune. Da ya dawo ya kira ɗansa.

"Mamuda, da ban jona na'urar nan ba, da ina cikin masu zato kamar kowa. Amma na jona, na gani. Yanzu duk garin nan ni da kai kaɗai muka san mutumin nan bai ci ba. In na yi shiru ni ne ɓarawon, kuma abin da na sace masa ya fi fetur."

Mamuda ya ce mutumin da ya mai da shi abin dariya a gari ne fa. Malam Hudu ya ce ya sani. Bakin Jatau daban, hannunsa daban. Bakin ya yi laifi, hannun bai yi ba, kuma a kan hannun ake shirin hukunta shi. Ya ce makulli yana aljihun Mamuda, ba zai sa hannu ya ciro ba, amma abin da ido ya gani baki zai faɗa. Mamuda ya juya ya tafi da makullinsa, ko sallama babu.

Malam Hudu bai taɓa sensar ba. Ya aika aka kira Alhaji Nomau, ya roƙe shi ya zo da makullin ajiya da 'yan kwamiti, a kuma zo da Jatau. Jatau ne ya iso a ƙarshe. Ya rame, bakin nan ya mutu, yana zaton an kira shi ne a ƙara masa wulaƙanci a rumfar mutumin da ya fi kowa dalilin yi masa. Malam Hudu ya tara su a gaban gilashi. Ya nuna musu layin a kwance, ya fesa fetur, suka ga bai motsa ba. Sannan a kan idonsu ya kwance tsohuwar sensa, bakinta duk ya toshe da baƙi, ya ɗaura wata mai kyau. Da inji ya yi zafi sai layi ya tashi yana tsalle, sama ƙasa, sama ƙasa. Ya fesa fetur, layi ya haura nan take. Dattawan da ba su taɓa riƙe sifana ba su ma suka gane.

Alhaji Nomau ya tambaya, to yaya aka yi kwamfutar birni ta ce babu laifi? Malam Hudu ya juya ga Jatau, ya tambaye shi ko yana cire kan batir. Jatau ya ce kullum in ya ajiye mota da yamma sai ya cire, haka maigidansa ya koya masa tun zamanin tsofaffin motocin katako, don kada batir ya sauka a zo da mara lafiya mota ta ƙi tashi. Malam Hudu ya ce to a nan gizo ke saƙar. Motar yanzu in ka cire mata kan batir, duk ƙorafin da ƙwaƙwalwarta ta fara tarawa sai ya goge. Kowace safiya tana tashi ba ta tuna komai, kwamfutar birni kuma ta je ta tambayi wadda ba ta tuna komai. Tsabar kula da motar ce ta sa Jatau yake share shaidar da za ta wanke shi da hannunsa, bai sani ba.

Washegari Alhaji Nomau ya cika tanki da kansa, ya zauna a gaba, Jatau ya ja suka je birni suka dawo. Mai ya rage kamar yadda yake ragewa a da. Dattijon ya zo rumfa ya ce zai wanke Jatau a ƙofar masallaci, wannan dole ne. Amma makulli fa ya riga ya yi wa Mamuda alkawari a gaban mutane, kuma shi bai saba mai da magana ba. Malam Hudu ya ce wannan tsakaninsa ne da Mamuda. A kwanakin nan Mamuda bai leƙo rumfa ba, ko gaisuwar safe a tsaye yake yin ta ya wuce. Uban ya ji ciwon wannan fiye da duk ba'ar Jatau, amma bai kira shi ba, bai kuma aika masa kowa ba.

Juma'a ta zo. Aka sallame, Alhaji Nomau ya miƙe ya ce jama'a su dakata. Ya faɗi abin da aka gano, ya ce Jatau bai ci ko ɗigo ba, ya nemi gafararsa a madadin kwamiti da duk wanda bakinsa ya shiga maganar. Mutane suka sunkuyar da kai, don kusan babu wanda bakinsa bai shiga ba. Ya buɗe baki zai zo kan zancen makulli, sai aka ga mutum ya tashi daga sahun baya yana ratsa jama'a. Mamuda ne. Ya zo gaban Jatau ya durƙusa, ya ciro makulli ya sa masa a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Baba Jatau, ga amanarka. Ba a gidanmu za a ci wannan ba."

Malam Hudu yana zaune a gefe, jingine da bango. Waɗanda ke kusa da shi sun ce hawaye ne kawai ke bin gemunsa, fuskarsa kuwa tana haske. Daga baya ya gaya wa wani amininsa cewa tun da aka haifa masa Mamuda bai taɓa jin girman zama uba irin na ranar ba. Ya taka zuwa gida a hankali, ɗansa na gefensa, duk wanda suka wuce sai ya miƙo hannu biyu.

Da la'asar Jatau ya zo rumfa. Mutumin da bakinsa ba ya gajiya ya tsuguna a gaban Malam Hudu. Da ƙyar ya tambaya me ya sa, bayan duk abin da ya yi masa. Malam Hudu ya ce ai ba don shi ya yi ba, layi ya gani, ya faɗi abin da ya gani. Sai dai yana roƙonsa abu ɗaya, ya bar kan batir ɗin nan ya huta.

Kada ku jira in ce muku Malam Hudu ya yi arziki, ko Mamuda ya wayi gari da motar kansa. Mamuda ya koma kamashonsa, ya daɗe a kai kafin Allah Ya buɗa masa. Malam Hudu a rumfar kwanon nan ya tsufa. Abin da suka samu shi ne, a garin nan in Mamuda ya ce abu kaza ya faru ba a neman shaida ta biyu, sai a ce ɗan Mai Talabijin ne ya faɗa. Sunan da aka raɗa don ba'a ya koma sunan girma. Kuma in aka kawo ƙarar wani gaban dattawa a kan zato, sai ka ji wani tsoho ya ce, a'a, a jona talabijin ɗin Hudu tukuna.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Shiru a kan gaskiyar da za ta wanke wani ƙarya ce, ko da bakinka bai motsa ba. Gaskiyar da ba ta ci maka komai ba kuwa kowa ma yana iya faɗarta. Ta ainihi ita ce wadda za ta cire loma daga bakinka ta kai bakin wanda ba ka ƙauna. Ku masu gyara, kullum kuna ganin abin da mai mota ba ya gani. Kai kaɗai ka san ko sensa ce ta mutu ko tiyo ne ya tsage, kai kaɗai ka san ko direban da ake zargi ya ci ko bai ci ba. Ku direbobi masu zaman teburin shayi, ku rage baki, ba ku san a hannun wa mutuncinku zai kwana ba. Mu duka kuma, kafin mu ce wane ɓarawo ne, mu tambayi kanmu: na gani ne, ko wata lalatacciyar sensa ce ta gaya mini? Malam Hudu bai yarda ya hukunta ɗan ƙarfe ba sai da ya gwada shi, mu kuwa mukan gama da mutum a kan jarkar da ba mu leƙa cikinta ba.

Gobe in ka buɗe bonet ka ga abin da ba wanda ya sa ka gani, ka tuna akwai Wanda Ya ga ka gani. Allah Ya ba mu ikon faɗa, Ya kuma ba mu 'ya'yan da za su iya tashi daga sahun baya. Ku tashi, masu motoci na jira.